Saura Minti Biyar

Akwai wani tsohon malamin makaranta a birnin Semarang, ana kiransa Pak Darmaji, wato Baba Darmaji a yarensu. Duk wata yakan kwashi yaran unguwar bakin layin dogo ya kai su hawan dutse.

Ranar Asabar, 15 ga Yuni, 2019, gari ya waye da sanyi, gajimare ya sauko kan gonakin shayi na dutsen Ungaran. Cikin yara tara da ya kawo akwai Lastri, 'yar shekara goma sha biyar. A hannun kakarta take, domin mahaifiyarta ta tafi aikatau Taiwan shekara shida ke nan. Lastri ta daina yarda da maganar manya, makaranta ma sai ta ga dama.

Masu saukowa daga dutse suna da al'ada. In sun haɗu da masu hawa sai su ce, "Ƙoƙari dai, saura minti biyar." Da aka faɗa wa Lastri haka karo na uku, sai ta zauna a kan dutse ta cire takalmi.

"Ni na gama. Ku je."

"Gimbiya ta gaji, a kawo mata kujera," in ji wani yaro.

Pak Darmaji ya tura sauran gaba tare da mataimakiyarsa, ya zauna kusa da ita. Bai lallashe ta ba. Can ta tambaye shi ba tare da ta dube shi ba.

"Pak, saura nawa?"

"A irin tafiyarki, awa biyu. Can sama kuma sai kin haɗa da hannu."

"Me ya sa kai ba ka ce minti biyar ba?"

"Ai ba minti biyar ba ne, 'yata."

Sai ta ce, "Mamata duk Sallah haka take cewa a waya. Saura kaɗan in dawo."

Ya miƙa mata ruwa, ta sha, ta ɗaura takalminta.

Da suka kai ƙololuwa ta kama hannunsa ta duba agogo. "Awa biyu da minti goma. Kai ma ka cuce ni, Pak."

"Wa ya tsaya cin ayaba a hanya? Ni ne?"

Ta yi dariya, karo na farko a ranar.

Ranar Lahadi ta yagi takarda daga littafinta ta rubuta: "Mama, kada ki ƙara ce mini saura kaɗan. Ki faɗa mini shekara nawa. Ko da yawa ne zan iya jira, in dai na sani."

Litinin, bayan an tashi daga makaranta, ta biya gidan waya ta aika wasiƙar.

Darasi: Yaron da aka saba yi wa alkawarin ƙarya ba lallashi yake nema ba, gaskiya yake nema. Ku faɗa wa yaranku nisan hanya yadda yake, za su iya tafiyar. Ku tura wa iyaye da malamai su ma su karanta.