Layin da Ya Ƙi Motsi

Akwai wani bakanike da duk layin gareji ke kira Injiniya. Gwani ne, wannan ba mai musu. Amma tun ranar da ya sayi na'urar gwajin mota, wadda ake jonawa ƙasan sitiyari ta faɗi ciwon injin, kansa ya kumbura. Ya daina shiga ramin duba ƙasan mota. Farar riga ma ya koma sawa a wurin aiki.

Kusa da shi akwai wani tsoho mai walda, shekara talatin yana gyaran salansa, wato bututun fitar hayaƙin mota. Injiniya kan ce masa, "Baba, zamanin kwanciya ƙarƙashin mota ya wuce." Tsohon sai dai ya yi murmushi.

Wata rana da hantsi ƙanwar Injiniya ta kawo motarta. Ita ke ɗauko masa 'yarsa daga makaranta kullum, yarinya 'yar shekara shida mai sunan mahaifiyarsu, wadda yake kira Mamana.

"Yaya, fitilar injin nan ta ƙi mutuwa, ga shan mai. Ni kuma kwana biyun nan in na daɗe a ciki sai kaina ya yi ta sara. Mamana ma daga shiga sai barci."

"Ciwon kai asibiti ake kaiwa, Auta. Nan gareji ne."

Ya jona na'ura, ta nuna masa sansar oksijin ba ta aiko da saƙo. Wata 'yar aba ce kamar fulogi da ake ɗaurawa a bututun salansa kusa da injin. Aikinta ta shinshina hayaƙi, ta gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. In tana da lafiya, layinta a fuskar na'ura hawa da sauka yake yi ba hutawa. Wannan kuwa yana miƙe sambal.

Daga tsaye ya zura hannu ya kwance ta, ya ɗaura sabuwa, ya ta da mota. Layi ko gezau.

A nan ne ya kamata ya tsaya. Ya sani sarai sansa kan yi shiru don waya ta tsinke, ko fis ya ƙone, ko bututu ya tsage iska na shiga. Amma duba wannan sai an shiga rami, ga masu motoci tsaye suna kallonsa.

Tsohon ya leƙo. "Injiniya, kunnena na jin wani huci a injin nan."

"Na'ura ba ta ji ba, Baba."

Ya danna ya goge fitilar, ya ce da ƙanwarsa, "Sabuwa ce, in ta yi zafi za ta kama. Je ki."

Bayan azahar aka kece da ruwa. Tsohon ya shigo fakewa, ya tsinci tsohuwar sansar a ƙasa. Ya juya ta, ya sake juyawa, fara'arsa ta ɗauke.

"Ɗana, dubi nan. Baƙin hayaƙi ne a bayanta, gefe guda, har kan waya. Hayaƙin cikin bututu ba ya taɓa nan, sai in ya sami hanyar fita. Kuma a motar nan, inda fanka ke jan iska zuwa ciki yana daidai saman wurin. Me na ji ƙanwarka ta ce game da ciwon kai?"

Injiniya ya dubi agogo, an tashi yara tun ɗazu. Ya dubi ruwan, wanda ba mai buɗe gilashi a cikinsa.

Ya kira ta, waya ta yi ta ringi har ta katse. Ya sake kira. Har karo na huɗu ba ta ɗaga ba.

"Ɗauko babur," in ji tsohon.

Suka kutsa cikin ruwa. Addu'ar da Injiniya ya fara sai ta kuɓuce masa a tsakiya. Abu ɗaya yake ta ji a kunnensa: daga shiga sai barci. An gaya masa, shi kuma ya mai da abin raha.

Kusa da makaranta ruwa ya cika hanya, motoci sun cunkushe. Can suka hango motar. Na gabanta sun matsa, na baya sai hon suke yi, ita tana tsaye, injin na aiki, waifa na kai da kawo.

Ƙanwarsa ta kifa kai a sitiyari. Mamana na kwance a baya, jakarta a ƙirji. Ya ja ƙofa, a kulle. Ya buga gilashi yana kiran sunayensu, ba wadda ta motsa.

Tsohon ne ya zaro 'yar gudumar waldarsa daga aljihu ya fasa gilashin.

A asibiti aka sa musu oksijin. Likita ya ce gubar hayaƙin mota ce, ba a ganinta, sai dai ta sa mutum barci, kuma da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Injiniya na durƙushe bakin gado har yarinyar ta buɗe ido ta ce, "Abba, kaina." A nan ya fashe da kuka.

Washegari ya shiga rami da farar rigarsa. Ga tsagewar nan, tsawon ɗan yatsa, kamu ɗaya kafin sansa. Ya fito ya tsaya ƙofar tsohon, kai a ƙasa.

"Baba, ka yafe min. Zo ka taimake ni."

Tsohon ya yi waldar. Sai ya miƙa masa tsohuwar sansar ya ce ya mayar. Suka ta da mota, layi ya kama hawa da sauka. Ashe lafiyarta ƙalau, gaskiya take ta faɗa masa ya kashe mata fitila.

Darasi: Kashe alamar gargaɗi ba ya kashe matsala. Duk gwanintarka, ka saurari mai koke da wanda ya riga ka a sana'a, ka bi ciwo har tushensa. In ana yawan ciwon kai ko barci a motarka, a duba salansa yau. Ku tura wa masu mota da makanikan da kuka sani.