Tiren Azurfa a Wajen Tattabaru

Yayata Nazira matar Rushdi Afandi ce, wakilin unguwarmu a majalisar birnin Halab. Mace ce mai sauƙin kai a komai, ban da maganar faranti. Ni kuwa ƙanenta ne, Wajih, a gidanta nake zaune, shekarata talatin da biyu, ba mata, ba sana'a sai kiwon tattabaru a kan soro. Karatu na baro shi a tsakiya. Ba ni na kasa ba, malamin ne ya kasa da ni, ranar da ya tsinci kwaɗo a cikin rawaninsa. Aibina biyu ne: kwaɗayi, da wasa da abin da ba na wasa ba.

Kowa ya san idan maƙwabci ya aiko da abinci, farantinsa ba ya komawa wayam. To da aka zaɓi mijinta, sai farantai suka yawaita, suka kuma yi nauyi. Wanda a da miya yake aikowa, yanzu cinyar rago ce, kuma bayan kwana biyu sai ga shi a zaure da buƙata. Yaya ta kafa doka: duk farantin da ya shigo zai fita kafin magariba, cike da abin da ya kai wanda ya zo a cikinsa. Nama ya zo, nama zai koma. Haka naman gidan ya riƙa ƙarewa a kan mayar da farantai, mu kuma kullum fate-faten alkama da albasa.

"Ummu Rafiƙ," in ji mijinta wata rana a kan tabarmar abinci, don haka yake kiranta, "ni kaɗai ne ɗan majalisar da ya rame a garin nan."

"Ka rame da mutuncinka, Afandi. Ci, kada ya huce."

Ana nan sai Hajji Sabri mai sabulu ya so a karkatar da ruwan unguwa zuwa masana'antarsa. Wata Talata Yaya ta tafi gidan wanka da 'ya'yanta mata, sai ga baransa da tire a lulluɓe. Ni na karɓa a ƙofa. Na ɗaga mayafin, na ga baƙlawa, wato alkakin ƙasarmu, tana ninƙaya cikin zuma. Na hau soro, na kira abokaina uku, muka share ta tas. Tiren na azurfa ne, na gani sarai. Dariya abin ya ba ni. Na zuba ruwa a ciki na ajiye wa tattabaru, ina cika baki cewa tsuntsayena sun fi gwamna gata. Ban gaya wa kowa a gida ba.

Da maganar ruwa ta zo gaban majalisa, Rushdi Afandi ya ƙi amincewa. Hajji Sabri ya kai ƙara cewa Afandi ya karɓi azurfarsa sannan ya ci amanarsa. Bayan wata huɗu aka turo mai bincike. Idan ta tabbata, za a tuɓe Afandi a kore shi zuwa wani tsibiri, Yaya ta zauna da yara biyar ba uba.

Da hantsi aka zauna a tsakar gida, Yaya tana bayan labule. Baran ya rantse ya kawo tire, kuma bai koma ba. Na ga Afandi ya kalli labulen, kallon da bai taɓa yi wa matarsa ba. Nan na gane ita yake zargi. Na miƙe na faɗi duk abin da na yi.

"Mece ce sana'arka?" in ji mai binciken.

"Tattabaru, ranka ya daɗe. Babu kamata daga nan har Sham."

Aka kwashe da dariya. Na manta cewa alƙali ba ya karɓar shaidar mai tattabaru, don an san muna janye tsuntsun wani mu rantse namu ne. Ranar farko da na faɗi gaskiya a rayuwata, ba ta da mai saye.

Sai muryar Yaya ta fito daga bayan labule. "Ranka ya daɗe, kada ka ji tasa. Maƙaryaci ne, ni na raine shi, na sani. Ka tambayi unguwa, sannan ka hau soro."

Aka kira maƙwabta. Mai gashin burodi ya ce shekara bakwai yana ganin farantai suna fita daga gidan nan kullum la'asar. Mahauci ya ce ya daina aiko da komai, don yana jin kunyar naman da za ta saya a wurinsa ta mayar masa. Daga nan mai binciken ya tattare rigarsa ya hau soro. Ga tire a ƙasa, ya yi baƙi, kashin tsuntsu na wata huɗu ya daskare a bakinsa, farar tattabarata tana wanka a ciki. Ya daɗe yana kallo.

"Na ga masu cin hanci da yawa," ya ce. "Ban taɓa ganin wanda ya ba tsuntsu nasa ba."

Aka wanke Afandi. Da baƙi suka watse ya ce in tattara kejina in bar masa gida. Yaya ta ce, "Idan ka kore shi, wa zai mayar da tiren?"

Ta goge shi da toka da lemun tsami har ya koma ɗaukar ido. Ta kwana biyu tana murza baƙlawa da hannunta, ta cika shi, ta aza mini a ka. Da rana tsaka na ratsa kasuwa da shi, ana nuna ni ana dariya, har ƙofar Hajji Sabri. Ban taɓa ko ɗaya ba. Tun daga ranar ni ne mai mayar da farantan gidan, kuma babu wanda ya kai ni sauri a duk Halab.

Darasin nan shi ne, mutuncin mai muƙami a ƙofar gidansa ake tsaronsa, kuma sau da yawa mai tsaron tana bayan labule, ba mai yabonta. Ƙananan abubuwan da Yaya ta riƙe shekara bakwai su suka yi mata shaida ranar da bakina ya kasa. Kada ka raina dokar gidan da kake ci a cikinsa don ba ka gane dalilinta ba. Idan kuma Allah Ya ba ka wadda za ta kira ka maƙaryaci a gaban jama'a, sannan ta hana a kore ka, ka gode masa, ka gode mata, kamar yadda nake yi har gobe.