Zumar Allon Naftali

Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu kunnen ƙashi.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To ku matso. Barira, sauke ƙaninki daga cinya, ya yi barci. Kai Sagiru, ka sake mintsinin wani in tashi in bar muku tabarmar.

A wani gari can nesa, bayan duwatsu, akwai unguwar Yahudawa, mutanen da ke karanta Attaura. Suna da ɗakin ibadarsu da suke kira majami'a, kuma a wani ɗaki jikin majami'ar ne yaransu ke koyon karatu wurin wani tsoho, Malam Hilkiya. Mutanen nan suna da wata al'ada. Ranar da yaro zai fara karatu, malam zai rubuta masa haruffansu ashirin da biyu a allo, uwar yaron ta shafa zuma a kan kowane harafi. Malam ya faɗi sunan harafi, yaro ya maimaita, sannan ya lashe. Wai don yaro ya sani tun ranar farko cewa karatu abu ne mai zaƙi.

Kai, haɗiye yawunka, ba kai za a ba ba.

To a unguwar akwai wata mata, Milka, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Naftali, ɗan shekara biyar. Yaron nan rabonsa da shiga majami'a tun ranar da aka taru a ciki ana kukan babansa. In sun zo wucewa ta ƙofar sai ya rufe ido ya sheƙa da gudu.

Ran nan Malam Hilkiya ya kira Milka ya ce, "Ranar Lahadi mai zuwa ki kawo shi ya fara. Amma ki ji ni da kyau. Yaron nan a tsorace yake. In ya shigo ranar nan ya fita da kuka, ba na jin zai sake tako ƙofar nan."

Milka ta dube shi. Ta ce, "Malam, ina zan samo zuma a shekarar nan?"

Don kuwa fari ake yi, ya ku jikokina. Ba ruwa, ba fure. Ta zaga kasuwa, babu. Ta bi gida gida, babu. Ta koma gida ta zauna tana tunani.

Ranar Laraba da sassafe ta hau dutsen bayan gari, ta sami wata tsohuwar kuka mai kogo inda ƙudan zuma suke. Ta yi sallama. Sarauniyarsu ta leƙo, ta rame kamar tsinke.

"Me kike nema?"

"Ranki ya daɗe, zuma. Ɗana zai fara karatu."

"Mu kuma ruwa muke nema. Kawo tulu guda, mu ba ki."

Milka ta sauka, ta ja ruwa a rijiya, ta ɗora tulu a ka, ta sake hawa dutsen nan tana haki. Suka sha, suka zuba mata zuma a 'yar ƙwarya.

Tana saukowa sai ga Gizo a bakin hanya. Ya shinshina, ya lumshe ido.

"Sannu da aiki, uwar Naftali. Zumar fari ce wannan?"

"Ita ce."

"Ayya! Ba ki ji ba? Zumar fari ɗaci gare ta. Yaro ya lasa ranar farko ya ji ɗaci, ai shi da karatu sun rabu har abada."

Abin da take tsoro ke nan, ya kuwa taɓo mata shi. Ta ce, "To yaya zan yi?"

"Kawo in ɗanɗana miki. Harshena ba ya kuskure."

Ya ɗanɗana sama ya ce, "Saman lafiya lau, amma ɗacin a tsakiya yake kwanciya." Ya ɗanɗana tsakiya ya ce, "Tsakiyar ma ba laifi, to ƙasan fa?" Ya ɗanɗana ƙasa. Ya miƙo mata ƙwarya fes kamar an wanke.

"Albishirinki, babu ɗaci ko kaɗan."

Kafin ta buɗe baki ya faɗa ciyawa.

Barira, me kike cewa? Sakarya ce? A'a, 'yar nan. Tsoro ne. Ki bari ki haifi naki ki gani.

Ranar Alhamis ta sake hawa dutse. Sarauniya ta ce, "Ke kuma? To yau tulu biyu." Ta kai tulu biyu, wuyanta kamar zai karye. Suka ba ta rabin 'yar ƙwarya. Wannan karon ko wanda ya gaishe ta a hanya ba ta amsa ba. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta ce, "Bari in ajiye inda ba mai kaiwa." Ta ɗaura wa ƙwaryar igiya, ta rataye ta can sama jikin rufin ɗaki.

Rufin ɗaki fa! Wa ya fi Gizo sanin rufin ɗaki? Ta fita wanki, shi kuwa ya sako zarensa, ya sauko sululu, ya zauna cikin ƙwarya ya yi ta sha har da gyatsa. Ta dawo ta sauke, ba komai sai sawun ƙafafu takwas.

Ta zauna dirshan a ƙasa tana kuka. Naftali ya zo ya tsaya a kanta.

"Inna, me ya faru?"

"Ba komai, hayaƙi ne ya shiga idona."

"Inna, ai ba a hura wuta ba."

Ta jawo shi ta rungume.

Ranar Juma'a ta hau dutse karo na uku. Sarauniya ta dube ta ta ce, "Baiwar Allah, mu ma 'ya'ya gare mu. Tulu uku, kuma abin da za mu ba ki bai fi cokali biyu ba. Daga shi kada ki sake zuwa da ƙwarya." Ta kai tulu uku, ƙafafunta duk sun tsage.

Ta ce yau kam ba za ta ajiye a ƙwarya ba. Ta wuce kai tsaye wurin Malam Hilkiya, ya rubuta mata haruffan a allo. Ta koma gida ta shafa zumar a kai, harafi harafi, da ɗan yatsanta, har ta kai na ashirin da biyu. Ta ce, "Allon nan ba zai bar cinyata ba sai Lahadi."

To ga inda abin yake. Su mutanen nan, daga faɗuwar rana ta Juma'a har taurari uku su fito ranar Asabar, hutu suke yi na ibada. Ba sa aiki, ba sa hura wuta, ba sa kama dabba, ba sa kashe ko ƙwaro. Gizo ya daɗe a rufin gidajensu, ya san wannan sarai.

Ranar Asabar da hantsi, Naftali ya fita wasa gidan maƙwabta, Milka na zaune da allo a cinya. Sai ga Gizo ya shigo ta ƙofa, ba ɓoye-ɓoye, yana tafe yana rangaji.

"Barka da hutawa, uwar Naftali."

Ta zaro takalmi.

"A'a! Yau wace rana?"

Hannunta ya tsaya a sama.

"Asabar ce," in ji Gizo. "Kin ga ni ɗan mitsitsi ne. Ki taɓa ni kaɗan, na mutu, kin yi kisa ranar hutu."

Ta jawo ƙwarya za ta kife shi.

"Wannan kuma kamu ne. Shi ma an hana."

Ya haye allon, ya kafa baki a harafin farko. Ta hure shi, ya faɗo, ya sake hawa. Ta ɗaga allon sama, ya biyo zarensa. Ta juya baya ta rufe allon da mayafi, ya shiga ta ƙarƙashi. Ta roƙe shi, ta ce, "Gizo, ka ji tsoron Allah, na maraya ne." Ya ce, "Ni ma ban san ubana ba."

Kai, ni ko yanzu in na zo nan wurin sai raina ya ɓaci. Ka ga mutum ya san dokar addininka ya fi ka, ba don ya bi ba, don ya cuce ka da ita!

Haka suka wuni. Tana kora, yana dawowa. Harafi ɗaya ya tafi, biyu, biyar. Ya zo kan na goma, wanda suke kira yod, ɗan ƙarami ne kamar ƙwayar gero. Gizo ya taɓe baki ya ce, "Wannan bai isa a buɗe masa baki ba, sai na gama da manya." Ya tsallake shi. Milka tana duban allo, tana duban rana. Ranar nan kuwa kamar an ɗaure ta da igiya, ta ƙi faɗuwa. Zuciyarta na cewa, buge shi mana, wa zai gani? Hannunta ya kai kan takalmi har sau uku, sau uku tana janyewa.

Rana ta faɗi. Gizo yana kan harafi na ƙarshe, cikinsa ya yi tulu. Milka ta leƙa ta taga.

"Tauraro ɗaya," in ji ta.

Gizo ya ƙara sauri.

"Biyu."

Ya juyo zai koma kan ɗan ƙaramin da ya bari.

"Uku!"

Takalmi ya sauka, fau! Da ƙyar ya sha, ya ja ciki ya haye bango, ya maƙale a kusurwar rufi yana numfashi sama-sama. Shi ya sa har gobe a can kuke ganinsa, da ƙaton ciki, ba ya yarda ya sauko inda takalmi yake.

Amma me aka yi? Allo ya bushe ƙarau. Saura ɗigo ɗaya tak a kan ɗan ƙaramin harafin nan.

Lahadi da safe ta kama hannun Naftali suka nufi majami'a. Hannunsa sanyi ƙalau, nata ma haka. A bakin ƙofa ya ja ya tsaya. Ta ce, "Mu shiga, ɗana, akwai zuma." Da ta faɗi haka sai ta ji kunya ta kama ta.

Malam Hilkiya ya karɓi allon. Ya duba, ya dubi Milka, ya ga idanunta sun kumbura. Ya ɗora yaron a cinyarsa. Sauran yara sun yi tsit, don kowa ya san daga harafin farko ake farawa, kuma kowa yana gani babu zuma a kansa.

Tsohon ya ɗora yatsa a tsakiyar allo.

"Yau daga nan za mu fara. Ce yod."

Leɓen Naftali ya fara rawa. Milka ta dafe bango.

"Ce yod, ɗana. Dubi yadda yake ɗan ƙarami, kamar kai."

Can ƙasa-ƙasa yaron ya ce, "Yod."

"Lashe."

Ya lasa. Ya tsotsi harshe. Ya lashi na kusa da shi, bai ji komai ba. Ya ɗago kai, ya dubi Malam ido cikin ido, ya ɗaure fuska.

"Ina ta sauran?"

Yara suka fashe da dariya. Malam ya ce, "Sauran ba sa ba da tasu rana ɗaya. Kowanne da ranarsa. Ka dawo gobe ka ga wanda zai ba ka."

Da yamma Milka ta hau dutse da tulu, ba ƙwarya, sai ɗan ganye a hannu. Ta ce, "Ranki ya daɗe, ɗigo ɗaya kawai." Sarauniya ta ce, "Ɗigo ɗaya kam ba zai gagara ba." Ta ɗiga mata a ganyen, Milka ta ƙulle shi a bakin zanenta. Washegari akwai zuma a harafin farko. Jibi a na biyu. Kullum tulu, kullum ɗigo, kullum harafi ɗaya, kuma kullum tana cewa a ranta, ranar da haruffan suka ƙare fa?

Suka kuwa ƙare. Rana ta ashirin da uku babu abin shafawa. Ta raka shi, ta laɓe a bayan taga, tana jiran kuka.

Malam ya miƙa masa busasshen allo. Naftali ya karɓa, ya ɗora yatsa a harafin farko, ya haɗa shi da na biyu, ya ɗago da sauri.

"Malam, in aka haɗa waɗannan me suke cewa?"

Zuma kuwa, ko tambayarta bai yi ba.

To kun ji. Yaro ba a cika masa baki rana ɗaya. A ba shi kaɗan mai daɗi, a bar shi da marmarin gobe, wata rana karatun da kansa zai riƙe shi. Mai haɗama kuma da ke raina ƙaramin abu, ƙaramin nan ne zai kuɓuce masa. Sagiru, da kai nake, na ga allonka ya yi ƙura a bayan randa.

Ƙungurus kan kusu, kusun ma ya tafi ya kwanta. Ku tashi ku ba ni tabarmata.