Ruwan Tsohuwa a Tseren Keke

Ranar tseren keke daga Gumel zuwa Haɗeja, Tsalha mai faci ne ya fara isowa, yana taƙama yana jiran sabon keken da hakimi ya sa. Sai alƙalin tsere, wanda surukinsa Ilu ya zo na biyu, ya ɗaga takarda.

"Doka ta ce duk wanda aka taimaka wa a hanya ya fita. An ga wata tsohuwa ta ba ka ruwa."

"Ranka ya daɗe, sa'ar uwata zan mayar wa ƙwarya? To, na fita. Ilu, wa ya yi maka faci a hanya?"

Ilu ya sunkuyar da kai. Tsalha ya ci gaba:

"Na uku ni na ɗaura masa kaca, na huɗu famfona ya ara. Mu tara muka taso, ba wanda ban taɓa kekensa ba. Sai ka gaya wa hakimi ya koma da abinsa, ga shi can zaune."

Alƙali ya dubi hakimi, ya sake duban takarda.

"Ruwa ai ba taimako ba ne, gaisuwa ce."

"Ni ma haka na gani," in ji Tsalha, ya kama keken. "Amma duk taron nan a rasa mai yabon ƙafafun nan nawa?"