Jabun da Ya Tsaya a Hannun Nomau

An yi wani mutum a wani ƙauye can, bawan Allah ne, ana ce masa Nomau. Ba zan faɗi sunan garin ba, don danginsa suna nan da rai. Na bayan nan ku bar hirar ku matso, maganar da ku nake.

Lokacin 'yar dubu ba ta daɗe da fitowa ba. Nomau manomi ne, kuma abin da ya mallaka a duniya sa ne guda ɗaya. Da damina ya haɗa shi da na maƙwabcinsa su yi huɗa, da rani ya ja amalanke. Abincin gidan kaf a wuyan san nan yake. Matarsa Lantana, tun auren saurayi da budurwa suke tare, ciwon ciki ya kama ta. Aka yi na gargajiya, aka sha rubutu, ciki sai kumbura yake. Da aka kai ta asibitin birni likita ya ce ƙari ne, sai an yi aiki, kuma kada a ja lokaci. Aka ba ta gado, Nomau ya koma gida ya ce zai sayar da sa.

Kafin ranar kasuwa sai ga baƙo da mota a ƙofar gida, fararen kaya, carbi a hannu. Ya ce ya ji labarin mara lafiya, ya zo ya sayi san a gida don kada la'adar dillali ta rage masa kuɗi. Azahar ta yi, suka yi salla kafaɗa da kafaɗa. Aka damo fura daga maƙwabta, suka sha a ƙwarya ɗaya. Baƙon ya yi tayi mai kyau, Nomau ya sallama. Mutumin ya zaro 'yan dubu sababbi fil ya miƙa.

To ku saurara nan. Kada wani ya ce jahilci ne ya ci Nomau. Ya san yadda ake duba 'yar dubu, ƙanin matarsa Jatau mai tireda ya taɓa nuna masa. In ka ɗaga ta a rana akwai hoto a ɓoye a farin wurin nan, sai haske ya ratsa yake fitowa. Akwai siririn zare da aka saƙa a cikin jikin takardar. Akwai tambari mai ƙyalli, in ka karkata shi ya yi wasa da ido. Rubutun kuma in ka murza da babban yatsa za ka ji kaushi. Duk ya sani. Baƙon ma da bakinsa ya ce, "Malam, duba kuɗinka."

Nomau ya ce, "Haba Alhaji, in ɗaga kuɗinka a rana kana kallo? Yanzu fa muka tashi daga sahu ɗaya."

Kun san halinmu. A wurinmu ka ɗaga kuɗin mutum sama a gaban idonsa, kamar ka ce masa ɓarawo ne. Macucin ya san haka, shi ya sa ya fara da salla da fura. Nomau ya naɗe kuɗi ya sa a aljihu, har ya taya baƙon tura san cikin mota.

Washegari ya isa wurin biyan kuɗi a asibiti. Yarinyar da ke karɓa ta zari ɗaya ta ɗaga saitin taga. Ta ajiye, ta zari wata. Ta murza, ta karkata, ta dube shi.

"Baba, wa ya ba ka waɗannan?"

"Sa na sayar, 'yata."

"Duba nan, Baba. Ba hoto. Zaren nan zana shi aka yi da tawada. Tambarin manna shi aka yi, ga shi yana ɓarewa da farce. Wallahi ko ɗaya babu na gaske."

Ta tura masa su ta ce ya ɓoye, kada wani ya gani a ce shi ke bugawa. Nomau ya fito ya zauna a gindin wata darbejiya.

A nan Jatau ya same shi. Da ya ji abin da ya faru ya yi salati, ya zagi baƙon har ya gaji. Sannan ya rage murya ya ce, "Yaya, akwai hanya. Gobe kasuwar ƙauyen gabas ke ci. Ka bari sai yamma ta yi lis, ka nemi tsofaffi, masu daddawa, masu kuka. Ka sayi ɗan abu kaɗan ka miƙa guda, su ba ka canji na gaske. Jibi wata kasuwar. Kafin mako mun haɗa kuɗin aiki."

"Jatau, wannan ai zalunci ne."

"Kai ka buga su? Cutarka aka yi. Kowa in an manna masa, gaba yake turawa. Yayata ce a kwance, Yaya. Matarka ce."

Jama'a, kada ku ɗauka waliyyi nake ba ku labari. Nomau ya je kasuwar. Ya je, da ƙafarsa. Ya yi ta zagaye yana duban fuskokin mutane, yana neman wanda ba zai gane ba. Ku ji abin da jabu ke mayar da mutumin kirki: yana yawo yana neman mai rauni. A ƙarshen layin 'yan tabarmi ya tarar da wani makaho, tsoho, yana tufka igiya yana sayarwa. Nomau ya tsuguna ya ɗauki igiya ɗaya, ya sa masa takardar a tafin hannu.

Makahon ya ce, "Nawa ce ka ba ni, ɗan'uwa?"

"Dubu ce."

"Kai, ban taɓa riƙe ta ba. To, tunda ka ce dubu ce, dubu ce. Kai ne idona."

Makahon ya shiga kwance ƙullin da ke bakin rigarsa. Ƙananan kuɗi ne, tsofaffi, duk sun yi laushi, cinikin kwana da kwanaki. Bai isa canji ba, har ya fara kiran maƙwabcinsa ya ara masa ciko. Nomau ya dubi hannun nan da igiya ta tsattsaga. Ya miƙa hannu ya zare takardarsa, ya ce, "Bar shi, Baba, na fasa. Ka yafe ni." Makahon ya ce, "Me ka yi mini da zan yafe?" Nomau ya tashi ya tafi.

Da safe Jatau ya zo har gida. Ya ce, "To ba ni su. Ni zan yi, zunubin a kaina." Nomau ya san zai yi kuwa. Ya shiga ciki, akwai garwashi a murhu, ya zuba su duka ya tsaya a kai har suka zama toka. Jatau ya ci kwalarsa, sai da maƙwabta suka raba.

Sannan Nomau ya je asibiti ya gaya wa Lantana. Wannan shi ne wurin da ya fi mini ciwo a labarin nan. Ta ga shigowarsa ta ce, "Malam, an biya?" Ya zauna a bakin gado ya gaya mata komai, bai rage ba, har makahon, har murhun. Ba ta ce ka kyauta ba, ba ta ce ka cuce ni ba. Ta ce, "Da ina son in ga kakar bana." Ta juya fuskarta bango. Can ta ce, "Mai da ni gida."

Ya bi gida gida yana roƙo. Tsakiyar damina ce, rumbun kowa ya yi ƙasa. Wannan ya ba da kaɗan, wancan ya ba da haƙuri. Ba a kai ko rabi ba Lantana ta cika, gero yana fitar da kai.

Na ga wasunku suna jira in ce daga baya an kama baƙon, an dawo da sa, ko wani attajiri ya ji labari ya yi masa alheri. Ba a yi ba. Ba a sake jin ɗuriyar mutumin nan ba. Jatau bai ƙara gaishe shi ba har ƙasa ta rufe ido. A garin, in ya wuce, cewa ake ga wanda ya ƙona maganin matarsa. Ya koma ƙwadago a gonakin mutane da fartanya, ya tsufa shi kaɗai a ɗaki. Wani ya taɓa tambayarsa ko yana nadama. Ya ce, "Kullum ina tuna ta. Amma ban san wanda zan miƙa wa jabun ba." A haka ya mutu. Sakamakonsa yana wurin Allah, a nan duniya ba mu ga komai ba.

Abin da nake gaya muku shi ne, cutar da aka yi maka ba ta halatta maka cutar wani. Ka duba kuɗinka a gaban kowa, ba rashin kunya ba ne, don haka aka sa alamomin. Amma in 'yar jabu ta riga ta shigo hannunka, to jarrabawarka ce, a hannunka za ta mutu. Jabu ba ta komawa wurin wanda ya buga ta. Ƙasa take gangarawa, daga mai ido zuwa mai rabin ido, har ta tsaya a hannun wanda ba shi da na ƙasa da shi.

Mu fa? Mu da ba matarmu ce a kwance ba? An manna maka guda ɗaya, ka jira duhu ka miƙa wa ɗan acaɓa. Ka cusa a tsakiyar masu kyau ka ba mai ƙosai. Ka kai gidan biki ka liƙa wa maroƙi kana murmushi. Jumma'ar da ta wuce da aka buɗe asusun masallacin nan, an sami 'yar dubu ta jabu a ciki, an ninke ta da kyau. Kuɗin marayu ne ake tarawa a asusun nan. Wanda ya jefa ta ya san abin da ya jefa, kuma ina kyautata zaton yanzu haka yana cikinmu yana jina. Nomau ya rasa sa, ya rasa mata, bai yarda ya ba makaho ba. Kai ka rasa dubu ɗaya, ka kawo wa Allah.

Allah ya shirye mu. Ku tashi a ta da salla.