Hakimi da Takardar Surukarsa

An ce a garin Tudun Kanya an yi wani Hakimi mai suna Mamuda, mutum mai son zumunci. Shekarar da ya cika sittin ya yi niyyar kwasar iyalinsa, 'ya'ya da jikoki da ƙannensa biyu, su yi kwana goma a babban jirgin ruwa na yawon buɗe ido. Cikin tafiyar har da surukarsa, Hajiya Tasalla, wadda tun tana yarinya take jin labarin teku ba ta taɓa ganinsa ba.

Kamfanin jirgin ya ce ba mai shiga sai da inshorar tafiya, wadda za ta ɗauki nauyin magani in wani ya kwanta a hanya. Aka kawo takardu, kowa da tasa. Hakimi ya zauna a lambu da hantsi yana cikewa, har ya zo kan ta surukarsa, inda aka ce a faɗi duk ciwon da mutum ke fama da shi. Nan ya tsaya. Shekara talatin da biyar bai taɓa haɗa ido da ita ba, balle ya tambaye ta abin da ke jikinta. Matarsa Hajiya Yalwa kuwa 'yar fari ce, ko sunanta uwar ba ta faɗa. Ya ɗaga biro zai rubuta "babu".

To, a lambun nan akwai wani tsohon kunkuru da kakan Hakimi ya kawo gidan. Ya miƙo wuya ya ce, "Ranka ya daɗe, dakata. Na ga rarrafenka, don haka zan yi maka karambani. Kada ka bi sawun Alhaji Barau."

Hakimi ya ce, "Wane ne kuma Barau, Baba Kunkuru?"

Kunkuru ya ce, "Saurara ka ji.

Labarin Alhaji Barau da Surukinsa

"Alhaji Barau mai fataucin fata ne. Shi ma ya ɗebi iyalinsa zuwa irin wannan tafiya, har da surukinsa Malam Haliru. Da ya zo cike takardar tsohon sai ya ce a ransa, kullum in an gaishe shi lafiya lau yake cewa, ni wa na isa in ƙaryata shi? Ya rubuta babu ciwo.

"Kwana huɗu a kan ruwa, ciwon zuciyar Malam Haliru ya tashi, aka kai shi asibitin jirgi. A aljihunsa aka sami ƙwayoyin da ya shekara bakwai yana sha a ɓoye, don kada ya tayar wa 'ya'yansa da hankali. Masu inshora suka ce wannan tsohon ciwo ne da ba a faɗa musu ba, ba ruwansu.

"Barau na zaune a ƙofar asibitin ya yi tagumi, sai ga wata ma'aikaciyar jinya, Bahaushiya ce 'yar bakin kogin Kwara, sunanta Hansai. Ta ce, 'Alhaji, wa ya cike takardar nan?' Ya ce shi ne. Ta ce, 'Ka tambaye shi?' Ya ce, 'Haba baiwar Allah, surukina ne fa.' Ta ce, 'Ka yi irin ta fasinjan Nalado ke nan.' Ya ce, 'Yaya aka yi?' Ta ce:

Labarin Nalado Mai Fito

"'A garinmu akwai wani mai fito, Nalado. Ba ya tura kwalekwale sai ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya ya tambaye su ko sun iya ruwa. Wanda bai iya ba ya ɗaura masa gora a ƙugu. Wata rana wani dattijo mai babban rawani ya shigo da mijin 'yarsa. Nalado ya nufo shi, sai mijin 'yar ya ja hannunsa ya raɗa masa cewa kada ya tozarta dattijo a gaban jama'a, ai haifaffen bakin kogi ne.

"'Suna tsakiyar ruwa dorina ta taso ta kifar da su. Masu gora suka taso sama, gwanayen iyo suka yi gaɓa. Nalado ya duba, ba ya ganin komai sai rawani yana yawo. Da ƙyar ya cafko gemu. Da dattijo ya amayar da ruwa ya sami bakin magana, ya ce, yaro, me na yi maka ka tsallake ni a rabon gora? Nalado ya ce surukinka ne ya ce ka iya. Dattijo ya ce, shi a ina ya taɓa ganina cikin ruwa? Ni da ko alwala in ta yi yawa sai na ji jiri!'

"Hansai ta ce, 'Ka ji, Alhaji. Kunya ado ce a tudu, a ruwa kuwa dutse ce a aljihu.'

"A tasha ta gaba aka sauke Malam Haliru a wata ƙasar da ba su jin yarenta. Jirgi ya wuce da yara suna kuka. Barau ya yi wata biyu yana jinya, kuma sai da rumbun fatunsa ya tafi kafin ya dawo da tsohon gida da ransa."

Kunkuru ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, ranka ya daɗe."

Hakimi ya ce, "Amma jera wa tsohuwa cututtuka a bakin tafiya ai kamar mugun fata ne. Rai na Allah ne."

Kunkuru ya ce, "Nalado ma ya san da haka, bai hana shi rabon gora ba. Ciwon da ke jikinta yana nan ko ka rubuta ko ka ƙi. Abin da ya rage a hannunka shi ne wa zai tsaya mata in ya tashi."

Hakimi ya ce, "Ka yi gaskiya, Baba. Nauyin bakina ba zai zame mata wahala ba."

Ya ɗauki takarda ya shiga cikin gida. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a bayan labulen ɗakinta ya yi sallama. Bayan doguwar gaisuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, a gafarce ni. Mutanen jirgi ne ke son sanin ko akwai abin da ke damun jiki, don su kula da ke yadda ya kamata."

Can sai wata jakar leda cike da magunguna da katin asibiti ta turo labule ta tsaya a gabansa.

Hajiya Tasalla ta ce, "Da ma gobe nake shirin cewa na fasa, don kada in zame muku kaya a ƙasar mutane. Tunda akwai masu kula, zan ga tekun nan. Rubuta, mai gari. Hawan jini, da ciwon suga, da gwiwa. Ta hagu ce fa, kada ka ɓata wa ta dama suna."