Mai Gudun da Agogo Ya Hana Shi Gaisuwa

Akwai wani mutum a unguwar Bulpiela, cikin Tamale, ana ce masa Mashudu. Yana cikin waɗanda aka koro daga Legas a farkon 1983, shekarar da fari da gobarar daji suka cinye gonaki. Ya dawo da jaka ɗaya da agogon hannu, ya tarar mahaifiyarsa ta rasu wata huɗu kafin isowarsa. Ɗakinta ya tare, ya ja ƙofa, ba ya zuwa wurin kowa, ba mai zuwa wurinsa.

Abu ɗaya ya rage masa, shi ne gudu. Tun yana makaranta aka san shi da dogon zango. Kullum bayan sallar asuba sai ya ɗaura takalmin kambas ya kama hanyar Yendi, mil goma zuwa, mil goma dawowa, cikinsa ba komai sai ruwan koko.

To, kun san mutanen Dagbon, ƙasar da Tamale take, da gaisuwa. Ba a wuce babba a tsaye. Sai ka durƙusa, a tambayi kwananka da gida da gajiya, kana "Naa, naa" har gwiwa ta yi tsami. Mashudu ya duba agogo ya ga kowace gaisuwa tana cin masa minti biyu. Sai ya daina gaida kowa. Ido a kan agogo, ya wuce fuu.

Dattawa suka ce girman kai ne. Wasu suka ce Legas ta taɓa masa kai, in ba haka ba wa zai riƙa ƙona abincin da babu? A hankali aka daina ɗaga masa hannu. Shi kuma ya ce wa ransa ai dama ba wanda ya san yana duniya. Ni dai a ganina girman kan yana nan, amma baƙin ciki ya fi shi yawa.

Da bazarar shekara ta gaba ta kama, aka sa gasar gudu a hanyar Yendi, mil ashirin zuwa, ashirin dawowa. Ukun farko za a kai su sansanin horo a Akra, inda ake cin abinci sau uku a rana. A wurin Mashudu, wannan ce ƙofar fita daga ɗakin nan da ya ishe shi.

Ranar gasar, Iddrisu mai shirya ta ya tara su ya ce, "Ku ji ni da kyau. Motar ruwa ba ta samu fetur ba. Kowa ya tsaya a ƙauyukan hanya ya roƙa, za su ba ku."

Aka tashi. Nan da nan Mashudu ya ba kowa rata. A ƙauyen farko ya hangi randa a gindin bishiya, dattawa zaune kewaye da ita. Mutanen da ya shekara yana wucewa ne. Da wane baki zai ce musu ruwa? Ya kalli agogo, ya wuce. Haka a na biyu, haka a na uku. Sauran 'yan gudu kuwa suna durƙusawa, su gaisa, su sha har su jiƙa kai.

Ruwa kofi ɗaya kawai ya samu a wurin juyawa. A dawowa rana ta take, gumi ya ƙafe masa, hanya ta fara rabuwa biyu a idonsa. Saura mil takwas ya kauce cikin ƙonannen daji bai ma sani ba, ya faɗi bayan wani suri. Yana jin takun 'yan baya suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, amma murya ta ƙi fita. Abin da ya fi tsorata shi, ya san ba wanda zai tambayi inda yake.

Sanyin ruwa a goshi ne ya farkar da shi. Wata tsohuwa Bafulatana mai tallan nono ce durƙushe a kansa da ƙwarya.

"Sha kaɗan-kaɗan, ɗana," in ji ta. "Na ga duka sun dawo ban gan ka ba, shi ne na bi sawunka cikin toka."

"Mma, kin san ni ne?"

"Shekara ɗaya kai ne agogona. In ka wuce zuwa, na tashi tatsa. In ka dawo, na ɗauki nono zuwa kasuwa. Kullum ina ce maka sannu."

"Wallahi ban taɓa ganinki ba."

"Na sani. Hannunka kake kallo."

Mijinta ya ɗora shi a jaki ya kai shi gari. Kwana tara Mashudu yana kwance, gasa ta wuce, ukun farko sun tafi Akra. Amma ba Akra ce ke hana shi sukuni ba, sannun nan ce da aka yi ta yi masa bai amsa ba.

Ranar da ƙafa ta ɗauke shi, ya cire agogon ya ajiye, ya sayi goro, ya taka har rugar tsohuwar. Ya tarar da turaku babu shanu, murhu ya huce. Wani manomi a gefen hanya ya ce masa, "Asta kake nema? Sun yi kudu neman ciyawa, yau kwana huɗu." A ranar ya fara jin sunanta.

Mashudu ya durƙusa a tsakiyar kufai da goro a hannu, ya yi gaisuwar tun daga farko har ƙarshe: kwana, gida, gajiya, shanu. Ba wanda ya amsa.

Bai daina gudu ba. Yana tsayawa a kowane ƙauye ya gaida manya, har suka koma ajiye masa ruwa. Asta dai bai sake ganinta ba.

Darasi: Kada gaggawa ko baƙin ciki su sa ka ɗauka ba wanda ya damu da kai. Wataƙila akwai mai yi maka sannu kullum, kai ne ba ka ɗaga kai ba. Ka amsa tun yana nan. Ku tura wa wanda kuka daɗe ba ku gaisa ba, ku haɗa masa da sallama.